Tsinin Ƙayar Aduwa

A shekarar babbar yunwa, wadda manya suke kira Kakalaba, ina da shekara tara a duniya. Ita ce shekarar da ta biyo bayan daminar nan da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, har mutanen arewa suka riƙa kwararowa ta Maigatari ƙungiya-ƙungiya, suna neman abin kaiwa baki. A cikin bazarar wannan shekara, wata ranar Alhamis da hantsi, ina zaune a gindin gawon ƙofar gidanmu da ƙafar wata baƙuwa a kan cinyata. Na san Alhamis ce domin alluna suna jingine a zauren mahaifina, ba a yi karatu ba. Ƙafar hagu ce, ta yi kaushi da faso kamar busasshen tabki, kuma a tafinta, ɗan gaba da diddige, akwai wani baƙin ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Yanzu na tsufa, idona ya dushe har sai jikoki ke zura mini zare a allura, amma wannan ɗigon ban daina ganinsa ba.

Ƙauyenmu ƙarami ne, a kan hanyar da ta taso daga Maigatari ta nufi Gumel, kuma gidanmu ne na ƙarshe ta arewa, wato duk wanda ya fito daga can mu zai fara tararwa. Hanyar yashi ce zalla, gefe da gefe aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, a ƙasa kuwa ƙarangiya da tsidau. A wancan zamani takalmi sai mai hali, shi ma sau da yawa a hannu yake riƙe da shi don kada ya ƙare. Saboda haka da wuya matafiyi ya iso gindin gawonmu ba ya ɗingishi. A nan kakata, mahaifiyar babana, take shimfiɗa tsohuwar tabarmarta tun da safe. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Takwara. A gefenta akwai randa da aka binne rabinta a yashi, da moɗa a kan murfi, da ɗan kaskon man shanu, da wata sakaina. A wuyanta kuma akwai matsefatar ƙarfe, wato abin cire ƙaya, wadda wani maƙeri ya ƙera mata a Gumel tun tana amarya. Wanda ya zo ya sha ruwa, in ta ga yana ɗingishi sai ta ce ya zauna ya miƙo ƙafa. Ba ta tambayar sunan mutum, ba ta karɓar ko ɓarin goro. Fatake masu jakunan kanwa, da matan Fulani masu tallar nono, da tsofaffin da suka ɗaura niyyar Makka a ƙasa, duk sun miƙe ƙafa a kan wannan tabarma, kuma yawancinsu ba mu sake ganinsu ba.

Maƙwabta ba su ɗauki abin da daraja ba. Mata in za su rijiya sukan ce tsohuwa ta rasa aikin yi, ta zauna tana shafa ƙafafun da ba ta san inda suka taka ba. Mahaifiyata ma, Allah Ya ji ƙanta, takan yi gunaguni a kan randar, domin rijiyarmu mai zurfi ce, sai an haɗa igiya biyu guga yake taɓa ruwa, kuma mu ne masu ja. Mahaifina dai, da yake malami ne, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, balle cire shi daga jikin mutum. Daga nan ba a ƙara tayar da maganar a gabansa ba.

Ina shekara bakwai idon Kaka ya fara yin yana, sai na zama idonta. Da safe in na biya allona a zaure tare da yayyena maza, na share tsakar gida, na zuba wa kaji tsaki, na kora awaki bayan gari, sai in wuce gindin gawo. Daga nan ina jiyo ƙawayena suna carafke a inuwar rumbu, wani lokaci har in yi ƙwalla, amma in gaskiya zan faɗa ina son aikin, domin manyan mutane masu gemu suna zama a gabana suna runtse ido kamar yara. Kaka ba ta gani sosai, amma da ɗan yatsanta take lalubo wurin ta ce mini nan ne. Ita ta koya mini halin kowace ƙaya. Tsidau gajere ne, ba ya wuce fata. Ta bagaruwa fara ce, in an kama kanta takan fito salin-alin. Ta aduwa kuwa koriya ce, doguwa, kuma ita ce muguwa, domin tsininta yakan karye ya zauna a cikin nama. In haka ta faru babu sauri: a ɗumama ruwa da kanwa a jiƙa ƙafar, a kira mai aska ya ɗan buɗe wurin, a bi a hankali ko da za a wuni. Kuma tana da doka guda da ba ta taɓa bari an tsallake ba. Takan ce, “Takwara, in kin cire, ki sa wa mai ƙafa ƙayarsa a tafin hannunsa, ya ga tsininta da idonsa. Shi zai yi tafiyar, ba ke ba.” In mutum ya duba ya gamsu, shi da kansa zai jefa ta a sakaina, da la’asar mu juye a murhu don kada wani ya sake taka ta.

Da yunwa ta zo, rumbunanmu biyu ba su kai mu tsakiyar rani ba. Muka ci dusa, muka ci busasshiyar tafasa, muka sussuka ’ya’yan ƙarangiyar nan da muke zagi a da, muka jiƙa ƙwayar anza, wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya ragu. Na bi manyan mata mun tona gidan tururuwa, muna rairaye ƙasa don ’yan ƙwayoyin da suka tara. Gaɗa ta mutu a dandali, yara suka daina guje-guje, karatu ma ya koma can ƙasan maƙoshi. Na ga mutanen da a shekarun ƙoshi suke rantsuwa sai baƙo ya ci tuwonsu, sun koyi niƙa a cikin ɗaki a hankali don kada maƙwabci ya ji. In an hango ƙurar matafiya daga arewa, sai ka ji ana jan asabari gida-gida. A gidanmu abinci ya koma sau ɗaya a rana, da hantsi: tsinkakken kunu a ƙwarya guda, mu yara huɗu, ni da yayyena biyu da ƙanwata, da ludayi ɗaya yana zagayawa. Wanda bai zo da wuri ba ba ya samu. Ba mugunta ce ba, yayyena ba sa iya tsayar da hannunsu ne. A cikin wannan hali ƙafafun Kaka suka kumbura, ta kasa fita. Ta cire matsefatar ta rataya mini a wuya, ta ce, “Ba mu da abin ba su, Takwara. Amma ruwa da wannan ba su ƙare ba.”

Mutanen da suka iso a ranar Alhamis ɗin nan za su kai goma sha biyar, daga ƙasar Damagaram. Sun ji labarin wai jirgin ƙasa yana kawo hatsi Kano, can suka nufa. Suka sha ruwa har moɗa ta riƙa kankarar gindin randa. A cikinsu akwai wata doguwar mata, da yaro ɗan shekara shida riƙe da gefen zaninta, na ji ta kira shi Isufu. Ta ce tun jiya ta taka ƙaya, ta zauna ta miƙo mini ƙafa, ta jingina kanta da gawo ta rufe ido. ’Yan’uwanta suna tsaye a inuwa suna cewa a yi sauri kafin rana ta take. Na buɗe wurin, na kama kan ƙayar, na ja. Koriya ce. Tun kafin in duba na ji a yatsuna cewa ta karye, da na duba kuwa sai na ga guntu babu tsini.

A daidai wannan lokaci na ji muryar mahaifiyata daga cikin gida tana cewa mu zo mu karɓa, na kuma ji ludayi ya bugi ƙwarya. Na san abin da ya kamata in yi, ba zan ce ban sani ba. In hura wuta, in jiƙa kanwa, in kira mahaifina da askarsa, in roƙi mutanen nan su jira har azahar. Na kuma san ƙwaryar ba za ta jira ni ba, kuma babu wata sai gobe. Matar idonta a rufe yake. Na saki guntun a yashi na danne shi da gwiwa, na miƙa hannu cikin sakaina na ɗauko wata cikakkiyar ƙayar bagaruwa da na cire wa wani da sassafe, na goga ta a ɗan jinin da ya fito, na taɓa matar na sa mata a tafin hannu. Da na ɗaga kai sai muka haɗa ido da yaron. Yana tsugune a gefen uwarsa yana kallona.

Ta duba ƙayar, ta jefa a sakaina, ta dafa kaina da hannunta mai zafi. “Allah Ya sa ki gama da duniya lafiya, ɗiyata,” in ji ta. “Allah Ya ba ki masu yi miki. Tun da muka baro gida ba wanda ya taɓa ni da hannunsa sai ke.” Na ce amin. Na shafa mata ɗan abin da ya rage a kaskon mai, na tashi da gudu. Na sami ludayi uku. Da na fito sun yi nisa, ina hango ta a bayan sahu tana taka ƙafar a karkace, yaron yana waiwayowa.

Da na shiga ɗakin Kaka ta tambaye ni ko an sami baƙi, na ce an samu. Ta ce wace iri ce, na ce bagaruwa. Ta ce na sa wa mai ƙafa a hannu? Na ce na sa. Ta ce madalla, ta sa mini albarka. Wato a yini guda na karɓi addu’a biyu da ba nawa ba. Kaka ba ta ga damina ba, ta rasu ana saura ’yan kwanaki ruwan farko ya sauka, kuma ta tafi tana zaton ta bar amana a hannun da ya dace. Ƙanwata ma ta bi ta. Ni na rayu, kuma na daɗe ina tambayar kaina ko ludayi ukun nan ne suka raba ni da kabari, ko kuwa da na haƙura da su ma da na rayu. Ba wanda zai ba ni wannan amsa a duniya.

Yunwa ta wuce, aka sake cika rumbuna, asabarai suka buɗe, masu rantsuwa sai baƙo ya ci tuwo suka koma rantsuwarsu kamar ba su taɓa dainawa ba. Ni kuma ban bar gindin gawo ba. Na sauke Alƙur’ani a hannun mahaifina, ya koya mini rubutun ajami har ina rubuta wa matan gari saƙo zuwa ga danginsu a Sule Tankarkar da Ɗanzomo. Aka aurar da ni ga ɗan wan babana, gidansu katanga ɗaya da namu, kuma bai hana ni fita wurin randa ba. Matan nan da suka yi wa Kaka dariya su ne suka koma yabona, suna cewa na gaji halin kirki, suna nuna ni ga ’ya’yansu. Kowane yabo sai in ji shi kamar an zuba mini yashi a tuwo. Ba don kirki nake zaune a wurin ba. Ina zaune ne ina duban duk macen da ta ɓullo daga kudu, rabin zuciyata na roƙon Allah Ya kawo matar nan mai ƙaya a kan ƙafafunta biyu, rabin kuma na roƙon kada ta zo. Sau ɗaya na taɓa rubuta abin da na yi a kan allo, daga farko har ƙarshe, sannan na wanke kafin tawada ta bushe.

Bayan shekara goma sha biyu, a lokacin kaka, ana tsakiyar ɗaurin gero, matar ta zo. Hantsi ne kamar wancan, ina zaune da ɗana goye a bayana. Na hango wata tsohuwa da sanda daga wajen Gumel, ita kaɗai, tana jan ƙafa. Ba tsohuwa ba ce a shekaru, wahala ce ta tanƙwara ta. Ta sha ruwa, ta zauna a tabarma ba tare da an ce ta zauna ba, ta ɗaga kai ta dubi gawon ta ce bai canja ba. A lokacin na ga ƙafarta ta hagu. Tafin ya motse, yatsu uku babu, a kan gefe take takawa. Ta tambaya ko yarinyar da take cire ƙaya a nan lokacin yunwa tana raye. Na ce ni ce.

Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ba ni labari da murya a kwance, kamar mai faɗin abin da ya sami wata. Ta ce kafin su wuce Gumel ƙafar ta fara zugi, da suka kai Gagarawa ta kumbura har gwiwa, ta kasa ko miƙewa. Mutanenta ba su da abin da za su ci su jira ta. Ƙanin mijinta ya ce ta ba shi yaron su yi gaba inda ake samun hatsi, in ta warke ta biyo su. Ta ba shi. Wata tsohuwa ta ajiye ta a rumfar awakinta, wani wanzami ya tsaga ƙafar sau biyu, ta yi wata huɗu kafin ta taka ƙasa. Da ta isa Kano ba ta sami wanda ya ga ƙanin mijinta ba, ba ta sami wanda ya ga yaron ba. Wasu suka ce an binne mutane da yawa a hanya ba a san sunansu ba, wasu suka ce ana ba da yara riƙo ga duk mai iya ciyar da su. Ta zauna tana dakau da wankau a gidajen mutane, tana bin kasuwanni tana leƙa fuskar samari. Yanzu ta gaji, za ta koma gida ta mutu a inda aka san ubanta. Da ta kai nan ta zuba mini ido.

Ba ta zarge ni da komai ba. Da na ce Allah sarki, na kawo mata fura, na yi mata addu’a, da an rabu a haka. Kuma matan gidanmu suna sussuka a bayan danga, duk abin da na faɗa za su ji.

Na ce, “Inna, ƙayar da na sa miki a hannu ba taki ba ce. Taki ta karye a ciki, na sani, na ɓoye. Kunu aka kira, na ji tsoron ya ƙare.”

Sai na ji taɓarya ta tsaya a bayan danga.

“Na sani,” in ji ta. “Isufu ya gaya mini tun ba mu yi nisa ba. Ya ce, Inna, yarinyar nan a sakaina ta ɗauko. Na mare shi, na ce kada ya ƙara yi wa mai alheri ƙazafi. Bai sake yi mini wata doguwar magana ba har muka rabu.”

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan ƙullin fata kamar laya, ta warware shi a hankali. Ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta ajiye mini abin da ke ciki. Ɗan tsini ne baƙi, bai kai rabin farce ba. Ta ce wanzamin Gagarawa ne ya fito da shi a tsaga ta biyu. “Ki gani da idonki,” in ji ta. “Ai haka ake yi a gidan nan.”

Ta ce a shekarun nan babu irin maganar da ba ta shirya mini ba, tana daka tana shirya ta, tana wanki tana shirya ta. Ta kuma ce da na yi shiru yau, da ba za ta ce uffan ba, za ta ɗaure abinta ta wuce, mu haɗu a gaban Wanda ba a ɓoye Masa. Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana kallon hanya, sannan ta tambaye ni ko na sami kunun. Na ce na sami ludayi uku.

“To, ya yi amfani,” in ji ta, “tunda ga ki, har da goyo.”

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba, kuma ba ta ɗaga murya ba. Na zaci tashi za ta yi. Sai ta gyara zama, ta jingina da gawo, ta miƙo ƙafarta ta dama ta ɗora a kan cinyata. Ta ce da safen nan ta taka wata, kuma wannan ƙafar kaɗai ta rage mata, ga tafiya a gaba. Wannan karon ba ta rufe ido ba.

Na duba, aduwa ce, ta shige can ciki. Na ajiye matsefatar, na shiga gida na wuce matan nan ba wadda ta dube ni, na sauke goyona, na hura wuta, na jiƙa kanwa, na kawo ruwan ɗumi a ƙwarya na sa ƙafar a ciki. Na jira fata ta yi laushi, na buɗe wurin da kaina, kaɗan-kaɗan. Ɗana yana kuka a cikin gida, na bar shi. Tukunyar da na ɗora ta kama, ina jin ƙaurinta, na bar ta. Aka yi kiran azahar muna nan. Sai da rana ta karkata na kama kanta da kyau, na yi bisimilla, na ja a miƙe ba tare da na murɗa ba. Na sa mata a tafin hannu. Ta kai ta kusa da idonta, ta juya ta, ta gwada tsinin da babban yatsanta.

“Wannan ta fito duka,” in ji ta, ta jefa a sakaina.

Na shafa mata mai, na ɗaure wurin da tsumma mai tsabta. Ta dogara sanda ta miƙe, ta taka ƙafar sau biyu ta ji. Sannan ta ce, “Na ƙafa na yafe miki, duniya da lahira. Addu’ar da na yi miki ma na bar miki ita, yau kin yi aikinta. Na yaron kuwa ba ni da ikon yafewa, nasa ne. In yana raye Allah Ya haɗa ku. In ba ya raye, kin san inda za ku haɗu.”

Na roƙe ta ta kwana biyu ƙafar ta huta, ta ce ba za ta kwana a garin nan ba. Na kawo fura da damin gero, ta ce ba ta da mai ɗaukar mata. Ruwa kawai ta yarda na cika mata gora. Na raka ta har inda gonakinmu suka ƙare, ta yi arewa. Sai da ta ɓace na tuna ban tambayi sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba. Kafin magariba duk ƙauyen ya ji, yabo ya tsaya, wasu matan suka daina aiko ’ya’yansu wurina. Ban ji haushinsu ba. A wannan rana na ci tuwon da ya kama, na kuma ji ɗanɗanonsa.

Yanzu hanyar nan an shimfiɗa mata kwalta. Motoci da babura ke wucewa zuwa kasuwar Maigatari, ba mai tsayawa, kowa da takalmin roba a ƙafarsa, har yaron da bai iya magana ba. An sare gawon shekarun baya, randar ta fashe ba a sake binne wata ba, matafiyin da ƙishirwa ta kama sai ya nemi mai sayarwa. Ban ce mutanen da sun fi na yanzu ba, na ga abin da mutanen wancan zamani suka yi da yunwa ta zo, na kuma ga abin da na yi. Amma ina kewar lokacin da baƙo zai ɗora ƙafarsa a cinyar wanda bai sani ba ya rufe ido. Matsefatar tana rataye a ɗakina, jikokina ba su san aikinta ba. Tsinin kuwa yana cikin gafakata, jakar littattafaina, tare da takardun nan da nake rubutawa, a ƙullin fatarsa. Har yau in na ji an kira wani dattijo Isufu sai in sa a kawo mini shi kusa, in tambaye shi daga ina iyayensa suka fito. Tsakanina da uwarsa an gama. Shi nake jira.